Kunnen Tela

Litinin, bayan la'asar

Wannan ragowar littafin awo ne. Shafukan farko cike suke da wuya da kafaɗa da tsayin mutane, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Farfesa ce ta ce in riƙa rubuta yadda kunnena yake kwana da yadda yake tashi, ko yana jini, ko yana ƙaiƙayi. To ga shi na rubuta: ya kwana, ya tashi.

Farfesa 'yata ce ta fari. Ni ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen nan ma da nake jerawa ita ta koya mini a gindin keken ɗinki tana 'yar aji uku. Yau ita ce babba a sashen fata na asibitin koyarwa, masu koyon likita na bin ta ɗuu kamar 'yan tsaki. An ce har ƙasashen waje ake kiran ta ta nuna yadda ake cire ciwo daga fatar mutum ba tare da an ɓata masa fuska ba. An ce. Ni ba a taɓa gayyata ta ba balle in gani.

Ni zabiya ne. Shekara saba'in da ɗaya ina wasan ɓuya da rana, shi ya sa ma na zaɓi sana'ar inuwa. Wata takwas ke nan wani ɗan ƙurji ya fito mini a saman kunnen hagu, ya yi ɓawo, ya ɓare, ya sake yi. Makon jiya aka ɗan tsinki kaɗan aka kai awo. Yau ta kira ta faɗa mini sunan abin. Ba zan sa shi a littafina ba.

Laraba, hantsi

Ta zo da kanta, ko zama sosai ba ta yi ba, makullin mota a hannu.

Ta ce, “Baba, ranar Litinin za a yi aikin.”

Na ce, “Ƙarfe nawa za ki fara?”

Sai ta dubi uwarta. Tsohuwa ta hau gyaran ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

“Ba ni zan yi ba, Baba. Akwai wani likita a sashenmu, ni na koyar da shi. Shekara goma sha huɗu muna aiki tare, hannunsa babu na biyunsa.”

“Wato yaron shagonki.”

“Haba Baba, babban likita ne, 'ya'yansa har sun shiga jami'a.”

Na ce ko da sanda yake dogarawa, wanda ka koya wa riƙon almakashi yaronka ne. Shekara hamsin na yi a shago. In babban mutum ya kawo yadi mai tsada, ni nake tashi in yanka da hannuna. Faci da ƙarin ƙugu da farkewar aljihu su ake miƙa wa masu koyo. Yau na san wane irin yadi ne ni.

Ta ce ƙa'idar aikinsu ce, likita ba ya sa wa nasa wuƙa. Daga nan ta shiga wani dogon bayani, wai kaɗan-kaɗan, wai a zauna, wai madubi. Na juya mata kunnen mai ciwon har ta gama.

Jumma'a, da rana

Kunne lafiya. Ba shi ke ciwo ba.

Litinin, azahar

An yi. Na dawo.

Na hana Tsohuwa raka ni, gwiwarta ba ta son matattakala. Ɗakin aikin ƙarami ne, da kujera mai kwantawa da fitila kamar tire a saman kai. Mutumin nata mai sanƙo ne, fitilar har ƙyalli take a kansa. Ya gaishe ni da ladabi, ban ce bai gaishe ni ba. Ya zagaye ƙurjin da biro, ya yi allurar kashe zafi, sai na ji ƙurus-ƙurus kamar almakashi a cikin yadi mai kauri. Ko minti goma bai kai ba. Ba ɗinki, ba komai, nas ta danna auduga ta naɗe ni da bandeji.

Ta ce, “Baba, zauna a bencin waje, za mu kira ka.”

Na zauna. Mu shida ne, kowa da farin ƙunshi, wani a hanci, wani a goshi, kamar kayan da aka ɗaure za a aika. Agogon bango ya ci rabin awa, ya ci kwata. An yanka, an ɗaure, me kuma ya rage? Na ɗauki malafata, na sauka, na hau motar haya.

Ni ba gudu na yi ba.

Wayata ta yi ƙara sau goma sha ɗaya. Tana cikin aljihun keke tare da tsofaffin maɓallai.

Litinin ɗin dai, kafin magariba

Farfesa ta faɗo gidan da farar rigar aiki a jikinta, ko sallamar kirki babu.

“Baba, ina ka tafi? An neme ka har banɗaki! Ba a gama ba fa!”

Wai abin da ya yanka ɗan siriri ne kawai. Wai haka aikin yake: a ɗauki kaɗan, mai ciwo ya jira, a duba gefe-gefen naman a madubin nan nasu mai girmama abu, in an ga saura a koma daidai wurin a ƙara ɗauka, har sai an tarar da wuri mai tsabta, sannan a ɗinke. Nawa an duba, akwai saura a gefe biyu. Ramin kuma a buɗe yake ƙarƙashin audugar.

Na ce, “Telan da ke komawa yadi sau biyu da almakashi bai iya yanka ba.”

“Ciwon daji ne, Baba, ba riga ba!”

A ɗakina ta faɗe shi, a gaban uwarta. To ga shi ya shiga littafin, amma bakinta ne, ba nawa ba.

Na ce, “In akwai saura, ki ɗauki wuƙar da kanki. Gobe ma in zo.”

Ta tsaya tana kallon hannuwanta kamar aro ta yo su. Can ta buɗe jaka ta fito da auduga da magani, ta ce bari ta wanke wurin. Na ce hannun da ya fi ƙarfin yanka ni ai ya fi ƙarfin wanke ni, ta ajiye, uwarta za ta yi.

Ta ajiye.

Talata, da safe

Tsohuwa ta wanke. Amma ta matsa audugar fiye da yadda ya kamata.

Alhamis, bayan azahar

Mai Agogo ya zo duba ni. Shagonsa ne jikin nawa shekara talatin, shi ma ido ya sallame shi. Tun daga ƙofa ya fara.

“Ina Baturen layinmu? An ce ka tsere daga hannun likita da rabin aski.”

Na ce ni ba gudu na yi ba.

“A'a, ai sauri ka yi. Wanzami ba ya son jarfa! Kai da ka shekara hamsin kana soka wa mutane allura a hammata da sunan gwaji.”

Na gaya masa zancen yaron shago. Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi agogonsa na hannu bai taɓa buɗe shi da kansa ba, wani yake kai wa. Na ce wannan don bai iya ba ne, duk layin an sani. Ya sha shayina kofi biyu. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Tela, cikin tsofaffin layinmu mu uku muka rage fa.” Na ce ya gaida gida.

Asabar

Ta kira uwarta sau uku. Ina jin Tsohuwa daga madafa: “Yana nan. Ya ci. A'a. A'a, bai ce ba.”

Lahadi, hantsi

Kunnen ya ɗan kumbura, ya yi ja. Zafin gari ne.

Ba a tambaye ni ba amma zan rubuta. Ranar da aka naɗa ta Farfesa, an yi taro, an ɗauki hotuna. Sai bayan kwana biyu na ji. Wai filin taron rana ce ƙwal, ba ta so in ƙone. Ko da yaushe rana. Ta sayo malafa, ta sayo man shafawa, ta sa an yi mini rumfa har bakin titi. Ta tsare fatata tsaf. Ni da ke cikin fatar fa?

Talata, la'asar

Yau na yi baƙon da ban zata ba. Mai Sanƙo da kansa, ba farar riga, ya cire takalmi a bakin ƙofa ya zauna a ƙasa. Na ce ko Farfesa ce ta aiko shi. Ya ce ba ta ma san ya zo ba, kuma in ta ji sai ya sha faɗa.

Ya fito da takarda. Zanen kunnena ne, an raba shi gida huɗu, kowane gefe da launinsa, an ɗiga ja a wuri biyu. Ya ce abin yana tafiya ne ta ƙarƙashi, ido ba ya gani. Na ce kamar cin asu ke nan, ramin da ka gani a sama ƙarami, ka ɗaga yadin a haske ka ga ya yi hanya. Ya ce wallahi da zan yarda da ya kai ni aji na faɗa wa ɗalibai haka. Daɗin baki. Amma zanen da tsabta, ban ƙi gaskiya ba.

Na ce, “To me ya hana uwar ɗakinka yi, tunda ita ta koya maka?”

Ya ce, “Baba, yankan ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne lokacin da ka ɗago daga madubi za ka ce a ƙara ko a tsaya. Wanda yake son ka, ɗayan biyu ne. Ko tausayi ya sa ya ce ya isa alhali da saura, ko tsoro ya sa ya kwashe kunnen gaba ɗaya. Ita ta koya mana haka. Ni ma da mahaifiyata ta zo, ita ta yi mata, ni ina waje.”

Ya roƙa ya ga wurin. Na bari, don baƙo ne. Da ya ɗaga audugar fuskarsa ba ta canja ba, amma ya daɗe bai mayar ba. Ya ce ƙwayar cuta ta shiga, guringuntsi kuma ba ya jure haka. Ya bar wasu ƙwayoyi. Ya ce duk ranar da na zo, ko layi ya kai titi, ni ne farko.

Na ce zan duba.

Laraba

Ban duba ba.

Alhamis, da rana

Zazzaɓi. Matashin kai ya ɓaci.

Bari in rubuta abin da ya faru a bencin, tunda littafin ba ya da baki. Ina zaune da ƙunshina sai ga Farfesa ta fito daga ɗaya ɗakin. Na gyara zama. Ba ta gan ni ba, ko ta gan ni, oho. Ta wuce wurin wani tsoho mai ciwo a goshi, ta durƙusa, ta riƙe hannunsa da hannu biyu, ta ce, “Baba, taso, saura kaɗan, ina tare da kai.” Ta shiga da shi ta rufe ƙofa.

Baba.

Shi ke nan abin da ya faru. Ni ba gudu na yi ba.

Asabar, bayan sallar asuba

Warin ne ya tashe ni. Na san shi. Shekara arba'in ban ji shi ba, amma hanci ba ya mantuwa.

Auta, ƙanena, shi ma irina ne. Shi bai samu sana'ar inuwa ba, dako ya yi. Nasa a kumatu ya fara, ɗan ƙurji shi ma. Aka ce a kai shi asibiti, wani ya ce ƙurji ne, a bar shi, zai bushe. Ba sai na rubuta wanda ya ce ba. A ɗakin bayan shago ya yi wata bakwai kafin ya cika. Manya suka daina shiga. Yarinyar nan, Farfesa, tana da shekara goma sha ɗaya, ita take wanke tsummokaransa kafin ta tafi makaranta, ba wanda ya sa ta.

Tsohuwa ta shigo da ruwan ɗumi, ta tsaya, ta shaƙa. Ita ma ta gane. Ta ajiye kwanon ta ce, “Malam, ni na gama magana. Amma ka sani, in ka sa yarinyar nan ta sake wankin tsumma, ni da kai sai a gaban Allah.”

Ta fita. Ruwan ya huce a wurin.

Litinin, da sassafe

Na sa riga. Na ce wa Tsohuwa ta gaya wa mai motar haya ya zo ya ɗauke ni. Ba don maganar kowa ba. Aiki ne aka bari rabi, ni kuma ban taɓa son ganin riga ba hannu a rataye ba.

Talata, bayan azahar

Jiya dai ba a yi ba, sai da aka yi mini allurai aka ce kumburi ya sauka tukuna. An ba ni ranar Litinin mai zuwa. Dā ni ake nema, yanzu ni nake jira.

Litinin, bayan la'asar

Sau huɗu aka yanka.

Da muka isa Farfesa ta tuɓe farar rigar ta bar ta a mota. Mai Sanƙo ya ɗauki na farko, aka naɗe ni, na fito benci, sai na tarar da ita zaune da malafata a cinya. Ɗalibanta na wucewa suna gaishe ta, suna satar kallo. Minti biyar ba ta yi ba ta miƙe ta nufi ɗakin madubi. Nas ɗin nan, wata gajera mai kaurin murya, ta tare ƙofa.

“Masu jinya a benci suke jira, ranki ya daɗe. Ke kika kafa dokar.”

Ta dawo ta zauna. Ta dubi agogo. Ta ce, “Wai haka yake daɗewa?”

Na ce, “Ni kike tambaya?”

Ta ce shekara ashirin tana tura mutane bencin nan ba ta taɓa sanin katakon tsakiya yana cizo ba.

Bayan na biyu na tambaye ta tsohon nan mai goshi. Ta ce wanne? Na ce wanda ta riƙe wa hannu ta ce masa Baba. Ta yi ta tunani, wallahi ba ta tuna shi ba. Ta ce, “Duk wanda ya zo da furfura haka nake ce masa. Da shi nake iya riƙe wuƙar.” Ban gane sosai ba, ban kuma tambaya ba. Ta buɗe gora za ta zuba mini ruwa, rabi a kofi, rabi a wandona. Farfesa guda. Na karɓe gorar na zuba da kaina.

Bayan na uku ma aka ce da saura.

Bayan na huɗu Mai Sanƙo ya fito da kansa. Bai dube ni ba, ita ya duba, ya ce, “Ya fita. Ko'ina fes.” Ta ce ya tabbata? Ya ce in tana so ta shiga ta gani, yanzu an yarda. Ta ɗan yunƙura, sai ta koma ta zauna. Ta ce, “A'a. Ka ce ya fita.”

Saman kunnen ya tafi, kusan rabi. Ya ce da an gama a ranar farko, da ɗan gefe kawai za a rasa. Bai ƙara komai a kai ba, ita ma ba ta ƙara ba. Da sun yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Alhamis

Da ake canja auduga na duba a madubin Tsohuwa. Ɗinki goma sha tara, tazararsu ɗaya, bakin ya haɗu ba tattara. Wanda ya koya masa ya iya.

Lahadi, hantsi

An cire babban bandejin, sai ga wata sabuwa: tabarau ba shi da wurin zama. In na sa, ɓangaren hagu ya zame, duniya ta karkace. Rubutun nan ma da hannu ɗaya nake tallafe shi.

Farfesa ta zo da safe ta same ni haka. Ta jawo aljihun keke, ta tono wani ƙyalle mai laushi, ta auna bayan kaina da yatsu, ta yanka. Ta zura zare a allura tashi ɗaya. Ta zauna a kan kujerata ta aiki, ta hau ɗinke maɗauri a ƙafafun tabarau.

Ban taɓa ganin tana aiki ba sai yau. Ba irin ɗinkinmu ba ne. Soka ɗaya, ta ƙulla, ta yanke zare. Soka ɗaya, ta ƙulla, ta yanke. Hannun ko motsin banza babu.

Na ce, “A haka riga ɗaya sai ta kai ki shekara.”

Ta ce, “Nawa ba ya farkewa, Baba.”

“Zare kike ɓarnatarwa.”

“Naka ne ai.”

Da ta gama ta zagayo bayana ta ɗaura mini, ta sa yatsa a hankali ta gyara inda ya kusa taɓa ɗinkin. Ta ce ya yi?

Ya ɗan matse. Na ce ya yi.